Esin Sabuwar Mota Ya Ƙi Sanyi: Abin Dubawa Kafin a Ƙara Gas

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, layin motoci yakan yi tsawo a wurin masu gyaran esi, kuma a cikin layin ba a rasa motar da ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. Mai ita ya zuba miliyoyi, ya danna maɓallin AUTO, sai iska ta fito ɗumi-ɗumi, ko fanka ta dinga tashi tana sauka yadda ta ga dama. Maganar farko da zai ji a bakin gareji ita ce, "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa, bari a ƙara." A tsohuwar mota 'yar Kwatano da ta shekara goma sha biyar a kan titi, maganar tana iya zama gaskiya. A sabuwa dal kuwa, gas shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga, kuma wanda ya bari aka buɗe masa bututu a bakin hanya yana iya yin asarar garantin da ya riga ya biya kuɗinsa tun ranar saye.

Esin tsofaffin motoci ba ya yanke hukunci. Direba ne ke murɗa sanyi, ya murɗa fanka, ya zaɓi inda iska za ta busa. Mai sarrafa kansa kuwa lamba ɗaya kawai ake ba shi, a ce digiri 22, sauran aikin kwamfutarsa ce ke yi. Ita ke zaɓen ƙarfin fanka, ita ke tura iska fuska ko ƙafa ko gilashi, ita ke rufe ƙofar iskar waje ko ta buɗe, kuma ita ke auna yawan iska mai zafi da za a gauraya da mai sanyi. Zafin daga ruwan injin yake zuwa, ta wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Dabarar ba sabuwa ba ce: kamfanin Packard na Amurka ya fara sa esi a mota a 1939, Cadillac kuma ya fito da mai sarrafa kansa a 1964. Abin da ya canza shi ne yau kusan komai ya koma hannun sensa da kwamfuta.

Kwamfutar nan ba ta jin zafi a jikinta, abin da sensa ta faɗa mata shi take aiki da shi. Akwai sensar cikin mota, wadda galibi take bayan wata 'yar raga a kusa da sitiyari, daidai gwiwar direba, tana zuƙar iskar ciki tana aunawa. Akwai ta waje, a bayan bamba, gaban kwandensa, wato kwanon da ke fitar da zafin gas a gaban mota. Akwai ta hasken rana, wani ɗan baƙin ƙullutu a saman dashbod kusa da gilashin gaba. Ta huɗu tana manne da ebaforeta, wato kwanon da ke sanyaya iska a cikin dashbod, aikinta ta hana shi yin ƙanƙara. Sai kuma wadda ke auna ƙarfin gas a cikin bututu. Idan ɗaya daga cikinsu ta ba da labarin ƙarya, kwamfiresa mai matsa gas yana iya zama lafiya ƙalau, gas a cike, amma direba ya yi ta gumi.

Kafin a kai ga sensa ma, da yawa daga cikin ƙorafin masu sabuwar mota ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar na'urar ce da ba a saba da ita ba. Motar da ta wuni a rana, iskar cikinta tana iya kai digiri 60, dashbod kuma ya fi haka zafi. Da an tayar da ita a AUTO, fanka za ta yi ruri da dukkan ƙarfinta, bayan 'yan mintuna ta lafa da kanta. Lafawar alama ce ta cewa an kusa kai lambar da aka nema. Da sanyin safiyar hunturu kuma, a Jos ko Zariya, idan aka nemi ɗumi, fanka takan yi shiru na ɗan lokaci har ruwan injin ya yi zafi, don kada ta watsa wa mutum iska mai sanyi a ƙafa. Wanda bai sani ba sai ya ce fanka ta mutu.

Akwai kuma masu sauke lamba har ƙasa, inda allo ke nuna LO, da tunanin mota za ta fi saurin yin sanyi. Ba za ta fi ba. Idan ciki yana digiri 50 aka nemi 22, na'urar ta riga ta saki duk abin da take da shi. Abin da LO ke yi shi ne ya cire kwamfuta daga lissafi, ya bar komai a ƙurewa har abada, mai ya ƙara tafiya, kunne ya gaji da ƙarar fanka. Abin da ke rage lokaci da gaske shi ne a sauke gilasai a minti ɗaya ko biyu na farkon tafiya, iskar da ta dahu ta fice, sannan a rufe. Haka nan, a mafi yawan motoci, da zarar direba ya taɓa maɓallin fanka ko na inda iska ke busawa, ya karɓe wannan ɓangaren daga hannun kwamfuta, fitilar AUTO ta mutu. Sake danna AUTO ke mayar da komai yadda yake.

Motoci masu raba sanyi gida biyu suna da nasu ruɗanin. Fasinja ya murɗa nasa gefen zuwa 28 jiya da dare, yau direba yana mamakin me ya sa gefe ɗaya ke busa ɗumi. Maɓallin SYNC, ko DUAL a wasu motocin, shi ke haɗa gefen biyu ko ya raba su. Motar da aka shigo da ita daga Amurka kuma tana iya nuna 72, wanda a ma'aunin can daidai yake da digiri 22 na nan, kuma ana canza ma'aunin a cikin saitin allo.

Sai batun tsimin mai. Sababbin motoci da yawa suna kashe injin da kansu idan aka tsaya a danja ko a cunkoso. Kwamfiresa kuwa bel ɗin injin ke juya shi, don haka da injin ya tsaya, sanyin da ya rage a ebaforeta ne kawai ake samu, kuma ba ya daɗewa. A cunkoson Kano da tsakar rana wannan yana da gajiyarwa. Maɓalli mai harafin A da kibiya zagaye da shi ne ke hana injin mutuwa. Tsarin ECO ma yana rage ƙarfin esi da gangan. Kuma idan direba ya take totur har ƙasa don ya wuce tirela, kwamfuta takan yanke kwamfiresa na 'yan daƙiƙu ta ba injin dukkan ƙarfinsa. Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota bayan an tsaya shi ma ba ciwo ba ne, raɓar iska ce da ta taru a jikin ebaforeta, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi a kan tebur. Abin damuwa shi ne idan ruwan ya koma cikin mota ya jiƙa kafet ɗin gaban fasinja, domin hakan na nufin 'yar tiyon da ke fitar da shi ta toshe ko ta zame.

Idan an kawar da duk waɗannan amma matsala tana nan, tambaya ta gaba ita ce: me aka ƙara wa motar tun da ta fito daga kamfani? A nan ne ake yawan kama ɓarawon. Mai sabuwar mota yakan wuce kai-tsaye wurin masu kwalliya, a shimfiɗa masa kafet ko fata mai gashi a saman dashbod don kare shi daga rana. Niyyar mai kyau ce, sai dai shimfiɗar ta rufe sensar hasken rana, kwamfuta ta ɗauka ana cikin inuwa ko dare ya yi, ta rage sanyi da fanka alhali rana tana dukan direba ta gilashi. Huda 'yar ƙofa a shimfiɗar daidai wurin sensar ya wadatar. Akwati, littafi ko hula da aka jefa a wurin ma suna yin wannan ɓarnar. 'Yar ragar da ke kusa da sitiyari kuma, idan aka manna mata mariƙin waya ko abin ƙamshi, ko ƙura ta cushe ta, ba za ta ƙara jin iskar ciki yadda take ba. Alamar ita ce sanyi da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko ya wuce kima ko ya gaza.

Masu sa ƙarfen kariya a gaban mota, da masu ƙara fitilu ko ƙaho, sukan ture sensar waje ko su cire soket ɗinta su manta. Gane wannan ba shi da wuya, domin mota tana nuna zafin waje a allo. Idan ana tsakar bazara amma allo ya nuna digiri 40 ƙasa da sifili, ko ya nuna layuka babu lamba, wayar sensar ce ta katse. Kwamfuta ta yarda ana cikin ƙanƙara, ita kuma an tsara ta kada ta kunna kwamfiresa a irin wannan sanyi. Duk gas ɗin da za a ɗura ba zai sa ta canza ra'ayi ba. Amma kada a yi saurin zargin sensar don kawai lambar ta yi jinkirin canzawa bayan tashi: an tsara ta ta jira mota ta ɗan yi gudu, don kada zafin injin da na kwalta ya ruɗe ta.

Canza rediyon kamfani da babban allo na kasuwa ya fi duk waɗannan haɗari, domin a motocin yanzu sau da yawa ta cikin allon ake ba esi umarni, kuma wayoyin sadarwar kwamfutocin motar a bayansa suke bi. Haka ma masu sa na'urar bin sawun mota da ke yanke waya su ɗaure ta da salatif. Idan matsalar ta fara a makon da aka yi irin wannan aiki, a koma wurin wanda ya yi shi tukuna. Cire batir ma yana iya sa ƙananan injinan da ke juya ƙyauren iska su manta iyakarsu. Motoci da yawa suna sake koyo da kansu idan aka kunna makulli aka bar maɓallan esi ba a taɓa ba na minti ɗaya ko biyu, za a ji ƙyauren suna motsi a bayan dashbod har su tsaya.

Ƙura kuwa ba ta san sabuwar mota ba. Hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana toshe matatar iskar cikin mota tun kafin lokacin da littafi ya ɗiba mata. Littattafan motoci da yawa suna cewa a canza ta bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000 ko shekara guda, kuma su da kansu suna ƙara cewa a gaggauta a inda ƙura ta yi yawa. Motar da ke bin hanyar ƙauye tana iya cika tata a hunturu ɗaya. Alamar a bayyane take: fanka tana ƙara sosai amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi. A Corolla, Camry da ire-irensu matatar tana bayan akwatin gaban fasinja, ana sauke akwatin a zaro ta ba tare da ko sukudireba ba. A kula da kibiyar da ke jikinta wajen mayarwa. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke ba da shawara, tura ƙurar ne kai-tsaye cikin ebaforeta, inda wanke ta ke iya buƙatar kwance dashbod.

Daga nan sai a saurari yadda ciwon yake zuwa, domin lokacin da yake zuwa yakan faɗi inda yake. Esin da ke sanyi a kan babbar hanya amma ya yi ɗumi a cunkoso, yana nuna kwandensa ba ya samun iska: ko fankar gaba ba ta juyawa, ko ƙura, ƙwari da leda sun lulluɓe shi. Ana wanke shi da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai matsi yana lanƙwasa siraran haƙarƙarinsa. Wanda kuma ke farawa da kyau a tafiyar Kano zuwa Maiduguri, bayan awa guda iska ta dinga raguwa, a kashe shi minti goma ya dawo garau tare da zubar ruwa mai yawa a ƙasa, wannan ƙanƙara ce ke kama ebaforeta, kuma sensarsa ce abin tuhuma ta farko. Ƙas-ƙas a bayan dashbod duk lokacin da aka canza lamba, haƙoran ɗan injin ƙyauren iska ne. Gefe ɗaya sanyi ɗaya ɗumi alhali an danna SYNC, ko dai ƙyauren gefen ya maƙale, ko kuma a nan da gaske gas ya ragu. Idan allurar zafin injin ta hau sannan esi ya yanke, kwamfuta ce ke ceton injin, kuma a lagireto ya kamata a nemi matsalar.

Wari iri biyu ne. Na rima, mai kama da tsumman da bai bushe ba, daga danshin ebaforeta yake, kuma yana raguwa idan aka saba kashe maɓallin A/C a bar fanka ita kaɗai na 'yan mintuna kafin a isa gida. Wari mai zaƙi-zaƙi tare da maiƙo a cikin gilashi kuwa ruwan injin ne ke yoyo ta ɗan lagireton ɗumi, wannan ba na jira ba ne.

Mai mota yana iya yin gwaji ɗaya da kansa da ɗan ma'aunin zafi na kasuwa. A tsaya a inuwa, a rufe ƙofofi, a sa iska ta dinga zagayawa a ciki, a sauke lamba ƙasa, a riƙe injin a wajen juyi 1,500, a soka ma'aunin a ramin iska na tsakiya. Bayan minti goma, mafi yawan motoci masu lafiya suna ba da tsakanin digiri 5 zuwa 10, a tsananin bazara ya ɗan haura. A ƙarƙashin bonet kuma, bututun esi mai kauri ya kamata ya yi sanyi har da raɓa, siririn ya yi zafi. A yi hattara da bel da fanka, domin fankar lantarki tana tashi ba sallama. Wani abin lura shi ne, kwamfiresan motoci da yawa na yanzu ba ya yin ƙarar kamawa da sakewa da aka saba ji, kullum yana juyi, daga ciki yake rage aiki ko ya ƙara. Bakaniken da ya saba da tsohon yayi yana iya cewa ya mutu alhali lafiyarsa lau.

Motocin Toyota da Lexus da yawa masu maɓallai suna iya faɗin ciwonsu da kansu. Ana danne AUTO tare da maɓallin zagaya iska, a kunna makulli, fitilu su yi ƙyaftawa, sannan lambobi su fito a allon esi. 00 na nufin babu laifi, 11 sensar ciki, 12 ta waje, 13 ta ebaforeta, 23 ƙarfin gas. Lamba 21 ta sensar hasken rana ce, kuma takan fito ko da babu laifi idan mota tana cikin rumfa, don haka a fili ake gwada ta. Sauran motoci sai an jona musu kwamfutar bincike, kuma a tabbatar wadda aka jona tana iya shiga ɓangaren esi, domin ƙananan na'urori masu araha injin kaɗai suke karantawa.

To, idan duk alamu sun nuna gas fa? Esi rufaffen abu ne, ba ya shan gas yadda injin ke shan mai. Sabuwar motar da gas ɗinta ya ragu tana yoyo ne a wani wuri: ko wata roba a mahaɗar bututu ba ta zauna daidai ba tun daga masana'anta, ko tsakuwa ta huda kwandensa. Ƙarawa ba tare da gano ramin ba zubar da kuɗi ne, bayan makonni za a dawo. Kuma gas ɗin ba iri ɗaya ba ne. R-134a, wanda ya gaji R-12 a shekarun 1990, har yanzu yana cikin motoci da yawa da ake sayarwa a Afirka. Amma tun daga 1 ga Janairu 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sabuwar mota mai amfani da shi saboda ɗumamar yanayi, yawancin sababbin motocin Turai da Amurka sun koma R-1234yf, wanda ya ninka shi tsada kuma bakin ɗurinsa daban ne. Takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet tana faɗin nau'in gas da nauyinsa a giram, a ƙananan motoci galibi wajen rabin kilo. Da sikeli ake ɗura shi, bayan an zuƙe iska da danshi da injin na kusan rabin awa. Ɗurin ido, har sai "ya yi sanyi a hannu", yakan wuce kima, gas ɗin da ya yi yawa kuma yana rage sanyi ya wahalar da kwamfiresa.

Jabun gas ma yana yawo a kasuwannin duniya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasu, bincike ya gano an gauraya gas ɗinsu da R-40, wanda ke cin alminiyam. Bututu da kwanonin esin mota kuwa da alminiyam aka yi su. Silindar da farashinta ya yi arha fiye da hankali abar gudu ce.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Prius da Camry Hybrid, suna da ƙarin sharaɗi. Kwamfiresansu na lantarki ne, yana aiki ko injin a kashe, kuma yana amfani da mai na musamman da ba ya wuce da wuta, wanda Toyota ke kira ND-11. Ɗan man kwamfiresa na yau da kullum da ya rage a tiyon mai gyara yana iya gurɓata shi, motar ta fara nuna laifin babbar wuta. Wayoyi masu launin lemo a irin waɗannan motoci ba na taɓawa ba ne.

Kamfanoni da yawa suna ba da garanti na shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu har shekara 5. Sensa, ɗan injin ƙyaure, kwamfiresa da yoyon masana'anta duk suna shiga ciki. Matata da hudar tsakuwa ba sa shiga, haka ma ɓarnar da aikin wani na waje ya jawo. Wanda ya sayi motarsa ta hannun ɗan kasuwa daga Dubai ko Amurka, ya tambayi wakilin kamfanin na ƙasarsa ko garantin yana aiki a nan, domin ba kowane ne ke tsallaka iyaka ba.

Matsalar da ke zuwa ta tafi ita ta fi wahalar kaiwa gareji, domin da an isa sai ta ɓuya, a ce wa mai mota ba a ga komai ba. Maganinta shaida. A ɗauki bidiyon allon esi da waya lokacin da abin ke faruwa, yana nuna lambar da aka saita da zafin waje, a rubuta ƙarfe nawa ne, ana gudu ne ko a tsaye, da minti nawa bayan tashi. A nemi ma'aikatan gareji su duba ko kamfani ya fitar da sabuwar manhaja ga kwamfutar esin wannan samfurin, domin wasu laifuffukan da ita kaɗai ake gyara su ba a kwance ko noti ɗaya ba. Kuma ko ba a gano komai ba a ranar, mai mota ya karɓi takardar aiki mai ɗauke da kwanan wata, yawan kilomita da ƙorafinsa a rubuce, domin ita zai nuna idan laifin ya fito fili bayan wa'adin garanti ya cika.